Rekiya da Surutun Katin Netwok

Rekiya 'yar Lugbe ce, ita ke kula da kwamfutocin wani kantin magani a Gwarinpa. Babbar kwamfutar kantin ta ishe ta. Da ta fara rubuta sunanta a allon shiga, sai katin netwok, na'urar da ke haɗa kwamfutar da intanet, ya watso saƙonni a kai: layi ya ɗauke, layi ya dawo.

Mai kantin, Oga Wakili, ya leƙo. "Ke kika lalata ta!"

Ranta ya ɓaci. Da ƙyar ta samu ta buɗe kwamfutar, ta hana saƙonnin fitowa, sai in matsalar babba ce. Allon ya yi tsit.

"Kin gani? Kwamfutar ta gyara kanta," in ji shi.

Rekiya ta suri jakarta, ta buga ƙofa, ko sallama babu.