Ƙarfe a Zuciyar Jelani Badukku

Jelani badukku ne a Ƙofar Taramniya, yana ɗinka jakunkuna da takalma na jar fata a rumfar da ya gada wurin mahaifinsa. Da sikila aka haife shi. Ƙannensa biyu masu irin ciwon ba su kai shekara goma ba, shi kuwa ya haura talatin da biyar, har ya yi aure. Tun ranar da bakinsa ya karkace yana ɗan shekara goma sha biyu, likitoci suka mayar da ƙarin jini abin kusan kowane wata. Mahaifiyarsa, Inna Ladi, ita ma ba ta barin gidan ya rabu da kwalbar maganin ƙarin jini, cokali safe cokali yamma. Da ya yi aure ta damƙa wa matarsa Sadiyatu wannan aiki.

Bara da damina ƙafafunsa suka fara kumbura, har takalmin da ya ɗinka wa kansa ya ƙi shiga. Daga rumfa zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu yana haki. Ya ɗauka jini ne ya yi ƙasa, ya ninka cokalin.

Da abin ya ƙi, Sadiyatu ta kai shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje da hoton ƙirji, wata likitar zuciya mai suna Lubna ta zaunar da su.

"Malam Jelani, zuciyarka ce ta gaji," in ji ta. "Kowace ledar jini da aka sa maka tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da rarar. Ya daɗe yana taruwa a hanta, yanzu ya kai naman zuciya. Wannan maganin kwalba ma ƙarfe ne a ciki. Daga yau kada ka sake sha."

Jelani ya dube ta. "Shekara ashirin da ukku ana sa min jini, Likita. Ba wanda yat taɓa gaya min hakanga."

Ta ce ya kamata a ce an fara aunawa tun tuni. Ta rubuta masa ƙwayoyin zuciya, da wasu da zai riƙa narkawa a ruwa kullum kafin karin kumallo, su riƙa jan ƙarfen kaɗan-kaɗan. Ta ce aikin shekaru ne.

A gida aka sha daru.

"Ƙarhe cikin zuciya?" in ji Inna Ladi. "Ta ina ya shiga? Wagga ba cutar asibiti ba ce, jifa anka yi maka."

Kwana uku bayan haka ƙanenta Tukur ya iso da ƙullin gari daga wurin 'yan tauri, ya ce maganin ƙarfe ne, wanda ya sha shi ko wuƙa ba ta kama shi. Jelani ya yi bayani har numfashi ya gagare shi: ba allura ba ce, ba ƙusa ba ce, abu ne da ke cikin jinin kowa, nasa ne ya yi yawa. Kawu Tukur ya gyaɗa kai, ya ce, "To ai shi na ce, ƙarhe dai," ya ajiye ƙullin ya fita.

Maƙwabta ma ba su bar shi ba. Duk wanda ya ga farin idonsa sai ya aiko da gasasshiyar hanta ko sabuwar kwalba. Ƙin karɓa rashin kunya ne, don haka Sadiyatu ta riƙa jera kwalaben a bayan ƙofa.

Wata safiya ya kurɓi kunun da aka kawo daga ɗakin Inna, ya ji wani zaƙi da ya sani tun yana yaro. Ya ɗauki kofin ya je ya same ta.

"Inna, mi kinka sa ciki?"

Ba ta musa ba. "Biyu na ga an ɗauka daga gidanga, Jelani, duka jini ya ƙare musu. Yanzu wata ɗiya ta ce in zura ido kai ma ka bushe?"

Mako biyu ke nan tana zuba masa. Ranar ganin likita ya roƙe ta ta raka shi. Likita ta zauna da ita rabin awa. Inna ba ta ce ta yarda ba, amma ta daina.

Wata takwas ya yi yana shan ruwan nan mai ɗanɗanon alli, yana fama da tashin zuciya da murɗar ciki. Gwaji ya nuna ƙarfen ya fara sauka, kumburin ma ya ragu. Sai zazzaɓin sauro ya kayar da shi, sikilar ta tashi, jininsa ya faɗi warwas. Aka ce sai leda biyu.

"Ba ni so," ya ce daga kan gado. "Wata takwas ina hidda shi, ku maido min cikin wuni guda?"

"In ba a sa ba, zuciyar ba za ta iya ba," in ji Likita Lubna. "Mu tsallake yau tukuna."

Ya miƙa hannu, ya juya fuskarsa bango.

An sallame shi bayan kwana tara. Yanzu da hantsi kawai yake fita rumfa, yana zaune yana yanka da ɗinki. Duk aikin da ke son ƙarfi ya bar wa maƙwabcinsa. Wani ɗan kasuwa daga Minanata ya nemi jaka talatin kafin Sallah. Jelani ya lissafa kwanakin, ya ce goma zai iya. Mutumin ya tafi wani wuri.