Bidiyon Gayyar Riɗi a Gonar Yayana

Lokacin da abin nan ya faru ni direba ne a wani gida a unguwar Safa, a nan Jidda, ina zaune a ɗakin haya a Ammariyya cikin 'yan uwana Hausawan Sudan. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, ba ta da matsala, kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ba shi da fitina. Ciwona ɗaya ne, ba na iya haɗiye magana. Ko hon wani ya yi mini a titi sai na sauke gilashi na ba shi amsa.

A gida kuwa yaƙi ya ci yankinmu. Masu bindiga suka kama garuruwa, suka ce sun ɓalle, suka kafa tasu gwamnatin, suna kwasar samari da ƙarfi. Yayana manomin riɗi ne, mai taurin kan tsiya, tun muna yara ba ya sunkuya wa kowa. Samarin da suka gaji suka gudo daga rundunar sai suka riƙa faɗowa gonarsa. Ya kan ba su lauje, ya cusa su cikin 'yan gayya, domin kowa ya san riɗi ba ya jira: in ya nuna ba a yanke shi ba sai ya fashe ya zube, don haka ba mai mamakin ganin taron maza a gona. Daga ɓoyo aka kai ga tare hanya. Shi da samarin suka fasa rumbunan hatsin 'yan awaren suka raba wa ƙauyuka. An kuma ce sun harbe wani mai karɓar haraji. Na tambaye shi a waya, ya ce in bar zancen, kuma shirun nan bai yi mini daɗi ba.

A wajen mai shayi bayan sallar Juma'a mutanenmu suka rabu biyu a kansa. Wasu na sa masa albarka, wasu na cewa shi zai ja wa Hausawa a ƙone su. Rannan wani dattijo ya dube ni ya ce ƙanen shugaban ɓarayi ya iso. Na kasa tuƙi da natsuwa, na kasa cin abinci. Na dame yayana da kira a kan ya turo mini shaida. Ya ƙi, na nace, har na haɗa shi da darajar mahaifiyarmu. A ƙarshe ya turo ɗan bidiyo: samari sun yi layi suna yanka, suna waƙar gayya, damman riɗi a jingine, dutsen bayan gonar ya fito sarai. Ya gargaɗe ni in kalla ni kaɗai in goge. Ni kuwa na ce gani ya kori ji, na jefa shi a zauren waya na 'yan garinmu, na rubuta cewa ga ɓarayin nan a kalla.

Na ji daɗi na yini guda. Ban tsaya na tuna cewa a zauren akwai waɗanda 'ya'yansu ke riƙe da muƙami a wajen 'yan awaren ba. Magana zarar bunu ce. Ko da na goge, bidiyon ya riga ya koma gida ta wayoyin da ban sani ba. 'Yan awaren suka gane fuskoki, suka gane dutsen. Sun zo ana tsakar sussuka, suka cinna wa damman wuta, suka kashe waɗanda suka samu. Yayana ya tsere daji da sauran. Tun daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba, ni kuma ban daina kira ba, ko ina tsaye a danja sai na gwada.

Abin da ya fi karya ni wata tsohuwa ce mai sayar da turare a unguwar Bagdadiyya. Ta nemo ni har ɗaki, na zaci tsinuwa ta kawo. Sai ta yi mini godiya, ta ce tun da aka kama ɗanta ba ta ga fuskarsa ba sai a bidiyon nan, yana dariya da lauje a hannu. Ta roƙe ni in sake tura mata, nata ya ɓace. Ba ta san yana cikin waɗanda aka kashe ba. Na ce mata halas, shi ke nan Hajiya, zan duba, bakina ya kasa faɗin sauran.

'Yan uwana mazauna waje, mu da ke cikin sanyin na'ura muna shan shayi, yaƙin baki kawai muke yi, waɗanda ke can su ke biya da jini. In an zagi naka, ka haɗiye, zagi ba ya kisa. Kada ka ɗora fuskar wanda ke ɓoye a waya don ka ci gardama. Har yau ban san ko yayana gwarzo ne ko abin da suke faɗa ba. Na dai san ya iya ɓoye mutanen nan daga masu bindiga, amma bai iya ɓoye su daga ƙanensa ba.