Auna Saurar Kurawa

Talata: Isa zuwa Sabon Birni

Ana kiran assalatu munka bar garin Isa, ni bisa doki, Tanko dogari yana kora jakuna huɗu ɗauke da irin gyaɗa. A lokacin ina malamin gona na En'e, ana tsakiyar babban yaƙin Turawa. Umurnin Baturen gona shi ne ƙasarsu na bukatar mai, kowane gari ya ninka gonar gyaɗa. Aikina in auna saura, wato gonakin da aka bari su huta, in raba iri.

Ƙarfe goma munka tsallake gulbi, jaki ɗaya ya nutse cikin rairayi, sai da munka sauke masa kaya. Hanya duk kututturan itatuwan da aka sare, ba inuwar da mutum zai raɓa. La'asar sakaliya munka shiga Sabon Birni, kusan mil ashirin da biyar, ƙuguna kamar ya ɓalle. Wani mahauci ya sauke mu, ya ba mu tuwon gero da miyar kuka.

Laraba: Kurawa

Ƙarfe bakwai munka tashi, da hantsi munka isa. Mai gari ya haɗa ni da wani tsoho, Nomau, ya nuna mini saura. Amma sai ya fara kai ni gonarsa, ya duƙa ya damƙo ƙasa, ta zurare masa ta tsakanin yatsu.

Ya ce, "Malam, shekara uku bi da bi muna yi mata gyaɗa. Bara ko iri ba mu maida ba. In ka ɗauke saurar, ina za mu kai gero?"

Na ce, "Baba, aiko ni anka yi."

"Na sani. Ka ce ma Nasara, in mutanensa sun ƙoshi bana, mu mi za mu ci baɗi?"

Ardon Fulanin wurin ya taras da mu, ya ce a saurar nan shanunsu ke kwana da rani su bar taki. In an nome ta, sai su yi arewa.

Na daɗe tsaye da igiyar awo a hannu, rana na dukana. Kashi ɗaya cikin uku na auna, na ce wa Tanko ya mai da kayan jakuna biyu.

Tanko ya ce, "Za ka sha faɗa."

Na ce, "Za ni sha."

Juma'a: gida

Ƙarfe huɗu munka shigo Isa. Na taras da Baturen gona a barikin rangadi, ya tambayi dalilin da ya sa iri ya dawo. Na ce ƙasa ta gaji. Ya murje idanunsa, ya ce shi ma daga Kaduna aka aiko masa takarda. Ya mai da ni tsaron sito, ya ce wani malami zai je ranar Litinin ya ƙarasa awon.

Na isa gida, uwargida ta kawo mini ruwa na wanke ƙafa. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa mutanen Kurawa da sunka ba ni fura alhali sun san abin da ya kawo ni.