Fadan da Ba Ya Jin Gbagyi

Baba Yamusa ya gaji, ko daga tafiyarsa za ka gane. Tun ƙauyenmu na bayan Tungan Maje yana daji yake katekis, wato mai koyar da addini a cocin Katolika. A da Fada, wato limamin coci, sai ya ga dama yake leƙo mu. Yamusa ne mai jan addu'ar Lahadi da Hausa da Gbagyi, shi ne zaman makoki, shi ne sulhun ma'aurata.

Kullum burinsa dayosis, wato hukumar cocin yankinmu, ta ba mu Fada namu na kanmu. Ya yi ta sintiri zuwa Abuja har takalmansa suka cinye. Ba roƙonsa ne ya ci ba, gari ne ya cim mana. Baƙi ma'aikata suka cika unguwa, aka rushe cocin ƙasa aka yi na siminti, aka turo Fada matashi. Mutumin kirki, wallahi, amma ko “sannu” sai ya yi da ƙyar. Komai ya koma Turanci. Tsofaffinmu su zauna a baya, su tashi in an tashi.

Sai ciwo ya kwantar da matar Yamusa, Mama Christiana. Ta ce ita ba ta son komai sai ta furta zunubanta ga Fada kafin ta tafi. Yamusa ya nemi wani Fada mai jin Hausa, aka ce an sauya masa wuri. Wani kuma ya yi tafiya. Jikinta kuwa ba ya jira, dole aka kira Fada matashin.

“To, ni zan fassara,” in ji Yamusa.

Ta harare shi daga kan tabarma. “Kai? Rabin abin da zan faɗa a kanka ne. Fita.”

Ya fita. Ya je can gindin mangwaro inda ba zai jiyo ba, ya tsuguna. Na wuce da tulun ruwa na gan shi, raina ya ɓaci har na kasa gaishe shi.

Fada ya daɗe a ciki. Ya saurara da haƙuri, ya yi mata addu'ar gafara, ya shafa mata mai mai tsarki, ya tafi.

Yamusa ya shiga. “Yaya, hankali ya kwanta?”

Ta juya fuska bango.

“Na faɗa masa abin da ya fi muni,” ta ce. “Murmushi ya yi mini.”