Sai-na-gani Mai Gyaran Janareta

Da hantsi za ka same shi a ƙofar shagonsa, tabarau a kan hanci, yana wanke fulogi a gwangwanin fetur. Shekara talatin da huɗu ke nan. Ƙananan janareta masu shan fetur na hagu, manya masu dizal na dama, kuma daga jin ƙarar inji ya san ciwonsa. In ka tsaya sai ya buɗe ya nuna maka yadda inji ke juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya, wuta ta samu. Hayaƙin da ke fita ta bututun salansa kuwa, shi ne ba ya wasa da shi.

Sai-na-gani muke ce masa, don ba ya sakin injin da ya gyara sai ya ga inda za a ajiye shi. Zai ɗora a baro ya biyo ka har gida. Ya sha baƙar magana a kan haka, wallahi har da tawa.

Mai ɗinkin layinmu ta fi kowa shan daga da shi. Don tsoron ɓarayi, a shekarun baya cikin shago take tayar da janaretanta, jaririyarta na barci ƙarƙashin tebur. Ya leƙa, ya ga yarinyar, ya juya baronsa da injin a kai. Ta bi shi da faɗa, ga ɗinkin mutane jibge, wai injin nata ne ko nasa? Ya wuce da shi shagonsa. Washegari ya dawo da kejin ƙarfe da kwaɗo, ya kafa a bayan shagon, nesa da taga. Sai da ya gama ya dube ta.

"'Yata, ƙanena ma ruwan sama ne ya sa ya shigar da janaretansa ɗaki, ya rufe ƙofa ya kishingiɗa da rana. Bai tashi ba. Ni na gyara masa shi da safen nan, kuma ban bi shi ba."

Jaririyar nan ita ke kan keken ɗinkin a yau.

Kai ne, Baba Sai-na-gani, ka gwammace a zage ka da a yi wa wani gaisuwar mutuwa. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu gyara, ku riƙa bin injinku gida.

Ƙarshen watan nan zai rufe shago, ido ya yi rauni. Kayan aiki duk ya rabar, saura baron. Ya ce ba zai sake shi ba sai ya ga wanda zai tura.