Bargon da Inna ta lulluɓa wa sinimata

Dawowata daga masallaci ke nan, ƙaurin roba na fara ji, sai ga hayaƙi daga ɗakin da ɗiyata ke barcin rana.

Satin jiya na sake kayan cikin ordinatar wasana, wato kwamfuta. Tsofaffin na jera kan tebur a ɗakin nan ba murfi, na haɗa da tele da lasifika, mu samu sinima a gida.

Na kashe kuran, wato wutar lantarki, na sungumo yarinyar tana tari. Ashe mahaifiyata, da ta zo daga Caké, ta lulluɓe kayan da bargo suna kunne.

"Inna, don me?"

"Abu mai tsada ka bari tsirara? Ko rediyon babanku ban taɓa bari haka ba."

Jama'a, da na tsaya hira a ƙofar masallaci fa?