"Ina Zuwa" da Na Ce wa Wani Tsoho a Tsakiyar Teku

Jama'a, wannan labari ba a majalisa na tsinto shi ba, da ni ya faru, kuma na rantse da Allah ban ƙara masa gishiri ba. Shekara shida ke nan, lokacin ina gyaran injin kwale-kwale a bakin teku, kudu da Jidda. A unguwar Sa'alaba ta cikin Jidda aka haife ni, can na yi aure, can nake har gobe.

Wani Bature da nake yi wa gyara ne ya koya mini irin kamun kifin nan da ba a sa nama a ƙugiya, sai dai ka ɗaura mata gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ɗan jatan lande, ka tsaya cikin ruwa iya gwiwa kana wurga igiya da siririyar sanda. Ba yabon kai ba, kafin shekara biyu na fi shi hannu, har shi yake roƙona in ɗaura masa ƙugiya. Sau biyu na shiga gasa, duka na biyu na zo, 'yan unguwa suka sa mini suna Mataimaki, kuma wallahi sunan nan yana ƙona mini rai. Da ta uku ta zo na cika baki a gaban kowa, na ce in ban ɗauko kofi ba in daina taɓa sanda.

Dokar gasar mai sauƙi ce: mutum bibbiyu, ka kama kifi, a auna shi a kan allo, a ɗauki hoto, a sake shi, wanda nasa ya fi tsayi kuma ya dawo kafin la'asar shi ya ci. Abokin tafiyata Injiniya Sani ne, wani Bakano da ya zo aikin kwantiragi, bai iya kamu ba ko kaɗan, amma hoto da surutu sai dai a bar masa.

Muka nausa can ciki, kan wani tudun duwatsun ruwa inda za ka tsaya da ƙafarka alhali ko alamar gaɓa ba ka hangowa. Tun safe har bayan azahar sai ƙanana nake kamawa. Saura kamar awa ɗaya a yi la'asar, rana na ƙuna, sai na ji an fizge igiyar nan kamar za a cire mini kafaɗa, tun ban gan shi ba na san wannan ne kofin. Sani kuwa ashe ya manta allon awo, ya juya da sauri zuwa inda muka ɗaure kwale-kwale.

Sai na ji sallama a bayana. Na waiga, tsoho ne siriri, sanye da harami da ya koɗe, ruwa ya kai masa cinya, yana riƙe da gora irin ta duma. Hausarsa tas, babu kalmar Larabci ko ɗaya, irin wadda rabon da in ji ta tun rasuwar kakata.

"Ɗan nan, nan ne Jidda?"

Na ce da saura, Baba. Ya ce mai jirgi ne ya sauke su ya ce su taka, sun iso, ga shi sun daɗe suna jira, in taimaka in rage musu hanya, akwai mata. Ban ji tsoro ba sam, na ɗauka mutanen da ake tsallakowa da su a ɓoye ne. Daidai nan kifin ya sake fizga, sai na faɗi abin da kowane Bahaushe yake faɗa in hannunsa na kan aiki.

"Ina zuwa, Baba."

"To, Allah ya kawo ka. Muna nan."

Ba zan yi muku ƙarya ba, kusan minti ashirin ina fama da kifin nan ban sake waiwaya ba. Sani ya dawo da allo, muka auna, muka ɗauki hoto, muka sake shi, sannan na juya. Babu kowa. Ruwa shimfiɗe, kana ganin ƙasansa, babu inda ko kyanwa za ta ɓuya. Sani ya ce wane tsoho kuma, shi ya ɗauka da shi nake magana. Zagaye ɗaya na yi a gurguje don kar lokaci ya ƙure, muka taho. Na ci gasar. Na sanar da masu tsaron teku, suka duba, ba su ga komai ba.

Da na kai wa mahaifiyata kofin na ba ta labarin ina dariya, ita ba ta yi ba, sai ta tambaye ni me na ce masa. Na faɗa mata. Ta ajiye shayinta, ta ce a zamanin kakanninta akwai masu jirgin da suke sauke mahajjata a kan irin tudun nan su ce musu gaɓa ce.

"Kai ka san nufinka a dakata. Shi ya ji ka ce za ka zo."

Sau uku na koma wurin, na kashe inji na yi ta sallama, shiru. Har na fara sakin jiki. Bayan wata biyu na dawo gida cin abincin rana, matata, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, ta ce wani tsoho ya yi sallama, ta amsa ta bayan ƙofa.

"Wallah ban gane duka ba, bas dai ya ce a gaya wa maigidan, ruwa ya fara kai wa matan ƙirji."

Na fita na duba bakin ƙofa, sawun ƙafa biyu ne, sun bushe sun yi fari. Na dangwala na lasa, gishiri.

Ban san ko wane ne ba, malaman da na tambaya ma kowa da abin da ya ce. Har yau duk Juma'a bayan an sauko nakan kai kwale-kwale wurin, ba sanda, in jira har la'asar. Ku dai in wani ya nemi taimakonku hannunku na kan aiki, ku ce masa e ko a'a. Kar ku ce kuna zuwa, don akwai waɗanda za su jira.